Abin da Kawu Ya Gani Sau Biyu

Da maza suka dawo daga maƙabartar Al Qusais, inda suka kai Kawu makwancinsa, a falona aka zauna karɓar gaisuwa, don ni ce jininsa mai gida a Dubai. Farkon shekarar 2021 ne, annobar korona ba ta lafa ba, ba a yarda a taru da yawa. Mutane suka riƙa shigowa bibbiyu, uku-uku, kowa da takunkumi a fuska. Su yi addu'a, su ba mu haƙuri, su nemi takalmansu. Ni ina daga ƙofar kicin ina amsawa.

Na halarci zaman makoki da yawa, na san yadda ake yi wa mutumin kirki. Ana zama a daɗe, wannan ya ce ya taɓa yi mini kaza, wancan ya ce ai ni ma haka. Na Kawu ba haka ya kasance ba. Addu'ar ma a gajarce ake yin ta. Wata Hajiya mai saro abaya ta matso kusa da ni, ta rage murya, ta ce, "Allah ya yafe masa abin da muka sani, da wanda ba mu sani ba." Yadda ta ja ƙarshen maganar ne ya sa gabana ya faɗi. Wani dattijo mai harkar kago, wato aika kaya gida ta jirgi, shi kuwa ko rage murya bai yi ba. Yana saka takalmi ya ce wa abokinsa, "Allah dai ya sa ya tuba kafin cikawa. Harkar kwaɗin nan ai ba ta Musulmi ba ce."

Kawu Babba, yayan mamacin, yana zaune a kan dardumarsa yana ji. Bai ɗago kai ba, carbinsa kawai yake ja.

Mutum ɗaya ce ta yi kuka a falon nan ranar, kuma ko Hausa ba ta ji. Shugabar ɗakin binciken da Kawu yake aiki ce, ta zo da mayafin da ka gani ka san aro ta yi, yana ta zame mata. Ta ja ni gefe ta ce mini da Turanci, kwanaki kaɗan da suka wuce Kawu ya gaya mata ya ga wani abu a cikin ƙwayayen kwaɗin da yake aiki a kansu. Ya gani sau biyu, yana jiran na uku kafin ya rubuta mata. Ba ya cikin kwamfutar ofis. Yana cikin littattafansa na kansa, waɗanda babu mai iya karanta su a wurinsu. Ta roƙe ni in nemo su. Na ce mata to, bayan sadakar uku.

Wannan rubutu na yi shi ne don kada a tuna da Kawu yadda aka tuna da shi a falona. Kuma gara in faɗa tun yanzu: maganar da masu gaisuwar nan suke taunawa, daga bakina ta fara fita.

Kawu wan mahaifiyata ne. Su uku ne a ɗakinsu: Kawu Babba, sai shi, sai Ummata, wadda suke kira Auta. Ni kuwa sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa duk cikinsu babu mai kama sunana, sai dai Uwata. Kawu ba likita ba ne, ba kuma farfesa ba. Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, ya shafe shekaru yana wannan aiki a wata jami'a a gida, har furfura ta cika masa kai. A 2016 aka ɗauko shi Dubai saboda gwanintar hannunsa. Ya kama ɗaki ɗaya a wani gidan haɗaka a unguwar Hor Al Anz, iyalinsa suna gida. Duk zafin garin nan, da rigar sanyi a jaka yake fita, don ɗakin kwaɗinsa sanyi ne da shi kamar firji.

Sau ɗaya ya taɓa shigar da ni wurin aikin nasa. Na zaci zan ga kwaɗi irin na bayan gidanmu da damina, sai na ga wasu sulɓaɓɓu, shafaffu, suna shawagi a cikin manyan tankuna, ba sa fitowa tudu ko kaɗan. Na ce, "Kawu, duk karatun naka a nan ya ƙare?" Ya yi dariya har da buga cinya. Ya zaunar da ni gaban madubin da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma, ya ce in leƙa. Ƙwai ne, ƙanana kamar ƙwayar gero, sama baƙi-baƙi, ƙasa fari.

"Uwata, kin ga wannan?" ya ce. "Yau ƙwaya ɗaya ce tak. Kafin jibi ta yi kai da wutsiya. Tsakanin yau da jibin, wasu 'yan ƙwayoyi a cikin cikinta za su karɓi umarni: ku, aikinku yin insulin. Wa ya ba su umarnin, kuma da wane lokaci? Abin da nake nema ke nan."

Ni a kantin magani nake aiki, insulin kullum sai na miƙa wa masu ciwon suga, amma ban taɓa tambayar kaina daga ina jiki yake fara koyon yin sa ba. Kawu ya ce akwai wata 'yar tsoka a bayan tumbi, fankiriyas, a cikinta masu wannan aiki suke zaune. Umarnin kuwa yana cikin ƙwayoyin gado, waɗanda ake gada daga uwa da uba. An san babba daga cikinsu, wanda yake fara magana. Na ƙarƙashinsa, masu kai saƙonsa, su ne ba a gama sani ba. Aikin Kawu shi ne ya ɗauki allurar gilashi wadda ta fi gashi siranta, ya tsira wa ƙwai wani ruwa da zai toshe bakin ƙwayar gado guda ɗaya, ya jira kwana biyu ko uku, sannan ya jiƙa ɗan tayin a rini. Masu yin insulin sai su fito ɗigo-ɗigo masu launin shuni. In ɗigon ya ragu, ko ya ɓace, to wadda aka toshe wa baki tana da hannu a cikin aikin. Na tambaye shi me ya sa sai kwaɗo. Ya ce kwaɗo a waje yake zuba ƙwai, da yawa, kana kallo ana gina halitta a gabanka, kuma umarnin da ke cikinsa ɗan'uwan wanda ke cikinmu ne.

A ranar na gano dalilin da ya sa girarsa ta hagu ta fi ta dama ƙaranci. Ɗan tayin kwaɗo laushi ne da shi, wuƙar ƙarfe dagargaza shi take yi. Sai a tsige gashin gira ɗaya, a manna shi da kaki a bakin tsinke, shi ne wuƙar. Ya ce masu wannan aiki a ko'ina haka suke yi, kuma nasa gashin ya fi na kowa tauri a ɗakin, har roƙonsa ake yi. Na ce to Allah ya sa a gano abin da ake nema kafin girar ta ƙare.

Yana da wata ɗabi'a mai ban haushi. Ba ya yarda ya ga abu sai ya gan shi sau uku. Ko miya ka ba shi ka ce ta yi daɗi, sai ya ce, "Yau dai ta yi, bari mu ga gobe da jibi." In ka matsa masa a kan aikinsa, amsarsa ɗaya ce: "Ban gani ba tukuna." Abin da ofis ya sa shi yana shigar da shi a kwamfuta da Turanci. Abin da idonsa ya hango, da gwajin da yake yi a gefe da izinin shugabarsa, wannan a littafinsa yake rubutawa, da ajami, kusan littafi ɗaya kowace shekara. Kakata ce ta koya musu ajami tun suna yara, ni ma na samu kaɗan a hannunta. Kawu ya ce Turanci na ofis ne, amma in yana tunani hannunsa daga dama yake tashi. A kowane shafi yakan zana gidaje-gidaje masu kusurwa huɗu, kwatankwacin farantin da yake jera ƙwayayen a ciki, ya sa harafi da lamba a kowane gida. A gefe ya zana ɗan tayi, ya ɗiɗɗiga masa alama a ciki.

In an samu hutu yakan sa maigidana ya kai mu Hatta, wani gari a cikin duwatsu can bayan Dubai, mu da Kawu Babba in yana gari. Akwai wani wuri a ƙasan gonaki, bakin wani ɗan kwari mai ruwa, da muke ajiye murhun gashi. Mu muna fama da nama, shi Kawu yana tsugune a bakin ruwa da wando a naɗe, yana neman kwaɗin dutse. Kawu Babba ya ce, "Kai dai ko a Aljanna sai ka tambayi ina tafki yake." Shi kuma ya ce, "Yaya, ai an ce akwai ƙoramu."

A 2018 ciwon suga ya ci ƙafar Ummata. Aka kwantar da ita a asibiti a Kano, aka ce sai an yanke. Ni na tafi, Kawu Babba ya tafi. Na kira Kawu na ce Umma tana tambayarsa. Ya ce, "Uwata, kwana uku kawai. Na yi wa ƙwai allura, watanni na yi ina shirya wannan gwajin. In na tafi yanzu sun lalace, babu mai iya yankan sai ni." Na ce ƙanwarka ce fa. Ya ce ya sani, ran Alhamis yana tafe. Ranar Laraba da hantsi Umma ta cika. Ya iso an riga an rufe ta.

Ba zan wanke shi a nan ba. Ya yi kuskure, kuma har gobe in na tuna yadda take juya kai tana duban ƙofa, raina yana ɓaci. Amma abin da na yi ya fi nasa muni, don shi bai yi da nufin cutarwa ba, ni kuwa da nufi na yi. A ranar, ina zaune a tsakar gida, na danna waya na aika saƙon murya a zauren dangi. Na ce, "Ku daina tambayata ina Kawu. Yana can yana tsibbu da kwaɗi, da gashin girarsa da hatiminsa, ƙanwarsa ta mutu tana kiran sunansa." Bai kai rabin minti ba. Na san sarai ba tsibbu ba ne, na leƙa madubin da idona. Kalmar da za ta fi yi masa ciwo na nema, na kuwa same ta.

Saƙon ya fita daga zauren dangi. Ya je wurin surukai, ya je wurin 'yan kasuwa, ya hau jirgi ya riga ni dawowa Deira, unguwar 'yan kasuwa a Dubai. Mutanen da a da suke tsokanarsa da Malam Mai Kwaɗi suna dariya, suka koma faɗar sunan ba dariya. Wasu suka daina haɗa kwano da shi. An ce har wani ya taɓa tare shi a ɓoye yana neman taimakon kasuwa.

Ya ji saƙon, don yana cikin zauren. Bai taɓa yi mini maganarsa ba, ko sau ɗaya. Shekara na zagayowa na samu ciki, suga ya hau mini, likita ya ce sai na riƙa huda yatsa ina aunawa, ina kuma yi wa kaina allura. Ni da nake sayar da allura, in na ga tsininta jiri nake ji. Maigidana ya fi ni tsoro. Ban san wa ya gaya wa Kawu ba, sai ga shi da sassafe a ƙofarmu, ya hawo jirgin ƙasa daga Hor Al Anz kafin ya wuce aiki. Ya ce, "Kawo hannun, Uwata. Wanda ya yi wa ƙwan kwaɗo allura ai ke ba ki da wuya." Haka ya yi ta zuwa har na haihu. Kullum ina cewa yau zan ba shi haƙuri, yau zan koma zauren in ce ƙarya na yi. Kullum sai in ga ai ya wuce, tayar da maganar ma wani sabon ciwo ne. Gaskiyar ita ce kunya nake ji, kuma na fi son fuskata a kan tasa.

Mako guda kafin rasuwarsa ya kira ni, muryarsa kamar ta yaron da aka yi wa ɗinkin salla. Ya ce, "Uwata, na ga wani abu. Sau biyu. Ki zo ran Juma'a in nuna miki a littafi, ke ce mai karanta rubutuna." Na ce ba ka ce sai sau uku ba? Ya ce, "Ai shi ya sa ban ce na gani ba, cewa na yi ki zo." Ranar Juma'ar baƙi suka zo mini, ban je ba. Ranar Talata da safe zuciyarsa ta tsaya, yana zaune a kan kujerarsa ta aiki.

Washegarin sadakar uku, ranar Asabar, na je Hor Al Anz da maigidana don in ɗauko littattafan. Maƙwabcin ɗakinsa ya buɗe mana. Gadon a gyare, rigar sanyin a rataye, amma kantar da littattafan suke babu komai. Gwangwanin tsinkayensa masu gashin gira ma babu. Mutumin ya ce yayan marigayin ya zo tun da safe, ya fita da kwali ɗaya, har ya tambaye shi inda ake sayar da gawayi.

Na kira Kawu Babba. Ya ɗauka, ina jin ƙarar hanya.

"Kawu Babba, ina littattafan?"

"Uwata, magana ta ƙare. Kada ki sa kanki a wannan maganar."

"Kana ina?"

"Abin da ya kamata babba ya yi nake yi. Ki koma gida wurin 'yarki."

Ya kashe wayar gaba ɗaya. Maigidana ya dube ni, na dube shi. A cikin Dubai babu inda mutum zai hura wuta a sarari ba a tambaye shi ba. Wuri ɗaya Kawu Babba ya sani. Maigidana ya ce, "Maza, shiga mota."

Tafiyar Hatta ta fi awa ɗaya, ban taɓa jin tsawonta irin na ranar ba. Ina ta kiran wayar da na san a kashe take. Maigidana yana so ya taka mota, yana tsoron kyamarorin hanya, ni kuma ina yi masa masifa kamar shi ya ɗauki kwalin. Da muka bar rairayi muka shiga duwatsu na daina magana. Lissafi nake yi: littafi biyar ne, masu kauri, takarda mai kauri ba ta ci da sauri. Wataƙila ya tsaya shan mai. Wataƙila gawayin ya ƙi kamawa.

Tun daga inda muka ajiye mota na hango hayaƙin. Kawu Babba yana tsugune gaban murhun da muke gasa nama, ya naɗe hannun riga, yana yaga shafi-shafi yana sakawa, bakinsa yana motsi da addu'a. Kwalin yana gefensa a buɗe. Na ruga, takalmina ɗaya ya cire, ban tsaya ɗauka ba.

"Kawu Babba, ajiye littafin nan!"

Littafin da ke hannunsa sabon ɗauka ne, bai kai ga fara yaga shi ba. Na leƙa kwalin, biyu ne a ciki. A cikin murhu kuwa ga bango biyu sun naɗe sun yi baƙi.

"Koma mota, Uwata."

"Ba zan koma ba."

"Asirinsa nake rufawa," ya ce. "Kin san ƙasar nan. In mai gidan ya buɗe ɗakin ya ga wannan, 'yan sanda zai kira. In na sa a kago, a filin jirgi za a tare, da sunan wa? In ya isa gida, 'ya'yansa su gani, su ce abin da ubansu ya tafi nema ke nan? Ƙanena ne. Na kasa hana shi yana da rai, ba zan bar masa wannan ya bi shi kabari ba."

"Ba tsibbu ba ne."

"Ke da bakinki kika faɗa."

"Ƙarya na yi."

Shekara uku maganar nan tana maƙale a wuyana, sai ga ta ta fito a gaban murhun gashi. Na ce ƙarya na yi, fushi ne, na san aikinsa, na gani da idona, so na yi in ƙona masa rai kamar yadda nawa ya ƙone. Kawu Babba ya girgiza kai. Ya zaro tsinke ɗaya daga gwangwanin ya nuna mini gashin da ke bakinsa. Ya buɗe littafin da yatsa ɗaya, daga nesa da jikinsa, ya nuna mini gidajen da lambobinsu.

"Wannan fa? Ni yaro ne? Ban san hatimi ba?"

"Ka karanta abin da ke ƙarƙashinsa?"

"A'uzu billahi. Ba na karanta abin da ban san me zai buɗo mini ba."

Ya kama shafin farko zai yaga. Ni ban taɓa ɗaga wa Kawu Babba murya ba, a gidanmu ko ido ba a haɗawa da shi. Na durƙusa a kan tsakuwa na riƙe gefen littafin.

"Da sunan wa kake kirana?"

Ban saki littafin ba, na ci gaba.

"Mai sunan nan ita ta koya muku wannan rubutun, kai da shi, a tabarma ɗaya. Da ita ce a nan ta ce ka karanta layi ɗaya kafin ka ƙona, za ka ƙi? Layi ɗaya. In ka ga sunan aljani a ciki, ni da hannuna zan zuba sauran a wuta."

Ya saki shafin. Sannan ya lalubo tabarau a aljihu, ya yi bisimilla, ya yi ta a'uziyya, ya kai ido ƙasan gidajen. Ya karanta a hankali, kamar mai taka ƙaya: "Litinin. Na'urar sanyi ta lalace, ruwan ya yi ɗumi, uwayen sun ƙi cin abinci." Ya tsaya. Ya sake karantawa. Ya juya shafi: "Na gida na huɗu ɗigonsu ya ragu. Ban yarda ba, a sake." Ya juya wani, ya juya wani. Wutar tana ci a gefensa, ya manta da ita.

Can ya duba bangon littafin ya ce, "Wannan na shekarar da Auta ta rasu ne." Ba ni yake gaya wa ba. Ya shiga buɗe shafuka da sauri yana bin watanni, sai a lokacin na gane ashe ba ni kaɗai ce na riƙe Kawu a zuciya ba duk shekarun nan. Ya samu ranar. Babu zane a shafin, layi uku ne kawai. Ya karanta a fili:

"Laraba. An ce Auta ta rasu da hantsi. Ƙwan da na zauna dominsu duk sun mutu, hannuna ne ya yi rawa, irin rawar hannun Baba. Uwata ta yi magana, tana da gaskiyar yin fushi."

Littafin yana kaɗawa a hannun Kawu Babba, don shi ma ya gaji wannan rawar. Ya zauna daɓas a ƙasa. Ya dubi murhun, ya ce, "Waɗanne na ƙona?"

Daga sama ya fara ɗauka. Na shekaru biyun ƙarshe ne.

Maigidana ya kwarara ruwan gora a kan gawayin, muka tona da tsinken nama. Abin da muka samu bai wuce kusurwar shafi ba, mai rabin gida da lamba ɗaya. Kawu Babba ya sa kai tsakanin gwiwoyi yana kuka irin na tsofaffi, wanda ba shi da sauti. Ban ba shi haƙuri ba, ban kuma zarge shi ba. Shi ashana kawai ya ƙyasta, gawayin ni na tara masa tun 2018.

Littattafai ukun da suka tsira na kai wa shugabarsa. Na yi makonni ina zuwa ranar hutuna, ina karantawa ina fassara mata, ita tana rubutawa. Ta ce sun nuna hanyar da ya biyo, da ƙwayoyin gadon da ya gwada ya ajiye, da waɗanda yake zargi. Amma wadda ya kama a ƙarshe, da lokacin da ya toshe mata baki, wannan yana cikin tokar da muka baro a Hatta. Ta ce za su gwada bin sawunsa, sai dai ba su da hannunsa. Na tambaye ta ko babban abu ne. Ta ce ba ta sani ba, yana iya zama babba, yana iya zama ba komai ba. Kawu ma da haka zai ce.

Ranar sadakar arba'in Kawu Babba ya miƙe a gaban 'yan kasuwar da suka zo, har da dattijon nan mai kago, ya ce, "Ƙanena mai ilimi ne, maganin ciwon da ya kashe ƙanwarmu yake bin tushensa. Ni na ƙona masa aiki da jahilcina. Wanda ya ci namansa ya nemi gafara." Wasu suka sunkuyar da kai. Wasu na ga alama ba su yarda ba, don labarin farko ya fi daɗi a baki.

Ya yi nasa, saura nawa. Saƙona na farko bai kai rabin minti ba, ya zagaye dangi a yini ɗaya. Wannan ya ɗauke ni watanni, kuma na san ba zai yi gudun wancan ba. Duk wanda ya tura wancan, ina roƙonsa don Allah ya tura wannan. Kawu bai taɓa yin tsibbu ba. Mutum ne da ya tsige girarsa gashi ɗaya-ɗaya yana neman sanin yadda Allah yake fara gina abin da ya lalace a jikin ƙanwarsa, ya yi kuskure ɗaya babba, ya rubuta shi da hannunsa, ya kuma yafe mini ban roƙa ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haɗa shi da Auta, ya sa ta yafe masa jiran da ta yi. Wani lokaci 'ya'yansa sukan kira ni su ce, Anti, wai Baba ya gano wani abu kafin ya rasu? Sai in ce musu ya gani sau biyu. Ya kira ni in zo in gani, ban je ba.